Masu Sha a Ƙarƙashin Randunan Baba

Hillat Kuku, Bahri,
Lahadi, 27 ga Nuwamba, 2022.

Zuwa ga Yayata Rabi'atu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Malam Uthman da 'yarmu Hajaratu. Allah Ya ƙara muku rufin asiri a Kano, Ya kare ku daga ciwo da tashin hankali, Ya sa mu gana da alheri. Mu ma nan lafiya muke, alhamdu lillahi. Gwiwar Inna ta yi sauƙi, yanzu tana yin raka'a biyun farko a tsaye, sauran a zaune. Yaya Muntari yana nan yana fama da walda a shagonsa na unguwar masana'antu, matarsa Wafa'a ma lafiya lau. Ni kuma na karɓo takardar shaidar digirina ranar sha uku ga wannan wata, na duba sunana sau uku kafin in bar ofishin, kuma daidai yake. Na kai takardar neman aiki wuri biyar. Biyu sun ce in jira, uku ba su ce komai ba. Ki ci gaba da yi mini addu'a. Maƙwabcinmu Alhaji Mika'ilu zai tashi zuwa Kano ranar Laraba, shi zai kawo miki wannan.

Yaya, tun watan Agusta kika tambaye ni a waya wace kyauta mai sauƙin kuɗi za ki yi wa Hajaratu, tunda kin ce ba ta da aiki sai tonon ƙasa da bin ƙwari, ni kuma ilmin halittu na karanta. Na san kin ga kamar na share ki. Ban share ki ba. Tsoro na ji in ba ki shawarar da ban gwada ba, kuma a daidai lokacin da kika yi tambayar gidanmu yana cikin rigima a kan irin wannan yarinyar. Yanzu an gama, kuma an gama da daɗi, shi ya sa na zauna in ba ki labarin daga farko, domin amsar tambayarki tana cikinsa.

Kin bar Ni'imatu 'yar Yaya Muntari tana da shekara huɗu, yanzu tara take. Da kin gan ta da ba ki gane ta ba, doguwa ce siririya, gwiwoyinta kullum da ƙasa. Tana da wani kwali a ƙarƙashin gadon Inna wanda ta shekara biyu tana tara kaya a ciki: gashin tsuntsaye, duwatsu, 'ya'yan bagaruwa, har da saɓar maciji. Yawanci a bakin magudanar ruwan gonakin Kuku take samo su, idan ta bi 'yan ajinsu bayan an tashi. Ni ce nake gaya mata sunayensu, ni ce kuma na taɓa nuna mata yadda ake kife ƙwaro da kofin shayi a zura kwali a ƙarƙashi a ɗauke shi ba a taɓa shi ba. Buzuzu na nuna mata da shi, wallahi buzuzu. To, ranar 25 ga Agusta, bayan ruwan sama na kwana biyu, sai ta yi wannan dabarar da kunama. Ta saka ta a kwalba, ta rufe da tsumma, ta tura ƙarƙashin gado. Ranar kuwa a gidanmu matan layi suke taron shan jabana, gahawar nan tamu ta Sudan. Ana tsakiyar zuba gahawa sai ga kunama tana tafiya a kan tabarma hankali kwance. Fatna mai ɗinki, wadda kullum take kukan ba ta iya tashi sai an kama ta, ta tsallake kaskon gawayi da tsalle ɗaya. Kunamar ba ta harbi kowa ba. Amma na auna ta bayan an kashe ta, santimita bakwai ce, kuma irin rawayar nan ce mai haɗari ga yara. Ba zan ɓoye miki ba, Yaya Muntari yana da gaskiya da ya firgita.

Da ya dawo aka gaya masa, bai daki Ni'imatu ba. Kwalin ya ɗauka gaba ɗaya ya kai wa mai amalanken shara. Sannan ya kafa doka a tsakar gida kowa yana ji: daga makaranta sai gida, babu ita babu bakin ruwa, babu ɗaukar komai daga ƙasa, ko tsinke. Ya juyo gare ni ya ce Ustaza mai digirin ƙwari ta ga amfanin karatunta.

Abin da ya biyo baya shi ya fi tayar mini da hankali. Ni'imatu ba ta yi kuka ba, ba ta yi musu ba, ta bi dokar sau da ƙafa. Amma sai ta daina tambaya. Yarinyar da take hana mu shan shayi da me ya sa kaza, me ya sa kaza, ta koma zama a gefen gado tana kallon bango. Abincinta ya ragu. Na lura kwana goma sha ɗaya a jere ba ta cinye burodinta na safe ba. Wafa'a ta ce ai hankali ne ya fara shigarta. Inna ta ce wannan ba hankali ba ne, an kashe wa yarinya fitila ne. Ni dai na san idan aka ci gaba haka, abin nan da ke cikinta zai mutu, kuma da hannuna a ciki. Na so in yi wa Yaya Muntari magana, na shirya abin da zan faɗa har na rubuta a takarda, amma duk lokacin da ya shigo sai in ɓoye takardar.

Maulidi ne ya ba ni hanya. Kin san al'adarmu, kowace yarinya sai an sayo mata amaryar sukari, 'yar tsanar nan ta alewa, daga filin Khalifa inda ake taron Maulidi, kuma bana kowa ya zuba ido ya ga me mai digiri za ta kawo wa yaran gida. Na daure na tambaye shi ko ya yarda in ba Ni'imatu wata kyauta dabam. Ya ce in ba ta abin da na ga dama in dai ba ya numfashi kuma ba zai fitar da ita daga layinmu ba. Na riƙe wannan sharaɗi da kyau. Na jira ranar da na tabbata ba a rufe gadar Nilu saboda zanga-zanga ba, na hau hafila, bas ɗin nan ta haya, zuwa Kasuwar Umdurman. A shagunan kayan wasa na ga akwatin roba mai hoton yaro da hular bincike, a ciki da madubin hangen nesa wanda da na leƙa ban ga komai ba sai hazo. Kuɗinsa kuwa ya fi abin da ke jakata nesa ba kusa ba. Ba zan rubuta miki farashi ba, domin kafin takardar nan ta iso Kano ya canja, in zama na yi miki ƙarya. Na fito ina jin kamar in yi kuka, na bi layin masu gyaran agogo don kawai in guje wa cunkoso. A nan na ga wani dattijo, Ammu Ibrahimu, da gwangwani cike da gilasan tsofaffin kyamarori da suka mutu. Na gwada guda shida a kan zaren mayafina, na zaɓi wanda yake ƙara girman abu kamar sau biyar. Ya tambaye ni agogon wa zan gyara, na ce na kallon tururuwa ne. Ya yi dariya har tabaransa ya zame, ya ce shekara arba'in yana wurin nan bai taɓa sayar wa tururuwa kaya ba, ya bar mini shi ƙasa da kuɗin motata na zuwa da dawowa.

Sauran kayan a gida na haɗa. Na tattaro takardun darasina na jami'a waɗanda bayansu fari ne, na yanka su gida biyu, Fatna ta ɗinke mini su a kekenta da bangon ƙyallen atamfa, duk da ta ce idan littafin kunamu ne ba ruwanta. Shafi casa'in da shida ya fito. Na ɗaura masa fensir da zare. Na ƙara da kwalin ashana guda takwas babu komai a ciki, na ajiye iri. Gilashin kuma na naɗe bakinsa da ƙyalle, na yi masa igiyar ratayawa, na gargaɗe ta kada ta ajiye shi a ƙasa ya karce, kullum ta rataye shi. Ranar Juma'a bakwai ga Oktoba na ba ta. Ta duba bayan hannunta da shi, ta duba ƙwayar sukari, ta duba ƙafar ƙuda da ya mutu a bakin taga, sai ta ɗago ta tambaye ni, Goggo, ashe ƙuda ma gashi gare shi? Wannan ce tambayarta ta farko cikin kwana arba'in da uku. Na shiga ɗaki don kada ta ga idona.

Sati ɗaya cif muka yi cikin daɗi, sai na jawo mana masifa. Juma'ar da ta biyo, Wafa'a ta wanke jallabiyar Yaya Muntari da baƙar falmaran ɗinsa ta zuwa masallaci, ta shanya. Ni'imatu kuwa ta bi umarnina, ta rataye gilashin a igiyar shanya ta gaba, tazararsa da falmaran ba ta kai tafin hannu ba. Kin san ranar Oktoba a Khartoum. Wajen sha ɗaya da rabi Inna ta ce tana jin ƙauri. Kafin mu gano, falmaran ta sami rami a ƙirji wanda babban yatsa zai shiga. Ni da na yi shekara huɗu a ɗakin gwaji, na tuna da karcewa, na manta da rana! Abin da ya ƙara ɓata lamarin, da ya fito yana juya rigar, tsoro ya sa na fara yi masa bayanin dalilin da baƙin ƙyalle ya ƙone farin bai ƙone ba. Ya dube ni ya ce to madalla, sai ya je masallaci ya yi wa jama'a wannan darasin. Ya jefa gilashin a aljihu, ya ce kwali ya kawo kunama, gilashi ya kawo wuta, saura ambaliya. Littafin ne kawai ya tsira, don yana hannun Inna a lokacin.

Kwana biyu ban iya haɗa ido da kowa ba. Inna ce ta fitar da mu. Kin tuna randuna ukun da ke ƙofar gida a ƙarƙashin dalbejiya, sabil ɗin da Yaya Muntari ya kafa don masu wucewa su sha, ladan ya je wa Baba, Allah Ya jiƙansa. Shekara shida ke nan kullum da asuba shi yake cika su da hannunsa, idan famfo ya ɗauke ya sayi na mai jaki. Amma tun da aka mayar da tashar hafila bakin sabuwar kwalta, masu bin layinmu suka ragu ƙwarai. Abin yana cin sa a rai. Sau da yawa na ji yana ce wa Inna sadakar Baba ƙasa ce take shanyewa, randuna suna ta ɗiga, mutane babu. To, Inna ta saba zama a wurin bayan la'asar. Ta ce a fito mata da kujera, a fito mata da jikarta ta riƙa yi mata fifita, ai ƙofar gida ba ta fita daga layi ba. Fifitar minti biyu aka yi. Ni'imatu ta tsuguna tana kallon damshin da ke ƙarƙashin randuna, inda ruwa yake ɗiga ya taru a ɗan rami, ba ta ƙara motsi ba.

Yaya, shekara shida ina wuce wurin nan ban taɓa sunkuyawa ba. Ashe kasuwa ce. Gwara suna zuwa a garke, kurciyoyi bibbiyu, ƙudan zuma suna jeruwa a bakin damshin, zanzaro yana dunƙula laka yana tashi da ita, ƙadangare yana lasar gindin randa. Na koya mata ta ware shafi ga kowace rana, ta zana abin da ya zo, ta ja layi ɗaya duk lokacin da ya sha. Inna tana ba ta sunan Hausa, ita ta rubuta na Larabci, ni in ƙara na kimiyya idan na tabbata, in ban tabbata ba in sa alamar tambaya. Inna ta fi ni sani nesa, har ta ce a mayar mata da kuɗin makarantar da aka kashe mini. Dabarar da ta fi kowace kyau kuma ba tawa ba ce, ta Ni'imatu ce: kafin magariba sai ta shafe jiƙaƙƙen yashin da tafin hannu ya yi sumul, da safe kafin ta tafi makaranta ta zo ta karanta sawun waɗanda suka zo bayan mun shiga. Ta haka muka san kyanwa tana zuwa, da kwaɗo, da wani mai ƙananan yatsu da muka yi kwana huɗu muna gardama a kansa, sai Inna ta duba ta ce bushiya ce. Mutane ma ta ba su nasu layin, a saman shafi.

Ranar Asabar biyar ga Nuwamba, kwana ashirin da fara wannan aiki, Yaya Muntari ya dawo da wuri a raksha, keken nan mai ƙafa uku, da rabin buhun siminti. Ya ce ya gaji da caɓalin ƙofar gida, zai dafe ƙarƙashin randunan, ya sa bokiti mai murfi ya riƙa tare ɗigon ana wanke-wanke da shi, ko banza ruwan ya yi amfani. Ya fara kawar da randa ta farko, sai Ni'imatu, wadda ba ta taɓa tsaya masa a gaba ba, ta shiga tsakaninsa da wurin, ƙafafunta a cikin laka, ta miƙa masa littafin da hannu biyu. Ta ce Abba ya yi haƙuri ya duba tukuna, in ya duba ya ga babu komai ita da kanta za ta kwaɓa masa simintin. Ya ce ta matsa. Inna daga kujerarta ta ce, Muntari, ko alƙali yana sauraro kafin ya yanke.

Ya karɓa yana tsaki, ya buɗe, ya ga zane-zane da layuka, ya ce wannan kuma wane lissafin aljanu ne. Ta fara karanta masa rana ɗaya-ɗaya, da farko muryarta ba ta fita, daga baya ta manta da tsoro. Ta nuna masa kurciya mai ɗingishi da take zuwa kullum ita kaɗai, ta nuna masa zanzaro da gidan da ya gina a saman ƙofarmu da lakar wurin, ɗaki shida. Ya ɗaga kai ya duba, ga gidan kuwa. Sai ya tambaye ni jimla. Na riga na haɗa, sau biyu. A kwana ashirin, cikin awa ɗaya da rabi da take zama kowace rana, mutane sun sha sau sittin da huɗu, sauran halittu sun sha sau dubu ɗaya da ɗari da talatin da bakwai, ban da tururuwa da ba su ƙirguwa. Na yi sauri na ƙara da cewa wannan yawan zuwa ne ba yawan kawuna ba, tsuntsu ɗaya yana iya dawowa sau goma, kuma ba mu san na tsakar rana ba. Ya ɗaga mini hannu ya ce, Shamsiyya, don Allah yau ɗaya ki yi shiru.

Ya zauna a kan buhun simintin. Ya daɗe yana juya shafukan da yatsunsa masu tabon wuta. Can ya tambayi Inna, ba tare da ya dube ta ba, ko duk wannan yana cikin ladan Baba. Inna ta ce shi da ya yi karatu a gaban mahaifinsa ya fi ta sanin cewa shayar da kowane mai rai sadaka ce, ba a ce sai mai jallabiya ba. Ya sa hannu ya rufe fuskarsa. Rabona da ganin haka tun ranar jana'izar Baba. Sai ga kurciyar nan mai ɗingishi ta sauka, ta dube mu, ta sha abinta ta tashi. Ni'imatu ta zare littafin daga cinyarsa a hankali ta ja layi ɗaya. Dariya ta kuɓuce masa da hawaye a fuska, ya ce wannan yarinya ko a ranar tashin alƙiyama sai ta yi ƙirga. Ya mayar da randar mazauninta. Simintin yana nan a bayan ƙofa har yau, ya daskare.

Washegari ya dawo da faranti na ƙarfe da ya ƙera a shago don tsuntsaye, yana ta alfahari da shi. Ni'imatu ta duba ta ce Abba ya yi ƙoƙari, amma ya yi zurfi, zuma za su nutse, kuma ƙarfe zai yi zafi da rana. Ya kalle ta, ya kalli farantin, ya ce shekara ashirin yana walda ba a taɓa dawo masa da aiki ba sai yau. Suka fasa wata tsohuwar tukunyar ƙasa, suka sa gindinta a ƙarƙashin randa ta tsakiya, suka zuba tsakuwa a ciki don masu ƙananan ƙafa. Ni na ƙara sharaɗi ɗaya, a zubar da ruwan a wanke kaskon duk bayan kwana biyu saboda sauro, kuma muna yi. A ranar ya sassauta dokarsa. Kunama da maciji da duk abin da ke numfashi ba za su shigo gida ba, bakin ruwa kuma sai da babba. Ya dawo mata da gilashin, Wafa'a ta ɗinka masa jaka da ƙyallen ƙonanniyar falmaran.

To Yaya, ga abin da zan ce game da Hajaratu. Kada ki sayi akwatin roba. Ki je wurin masu gyaran agogo ko masu tabarau ki nemi tsohon gilashi, ki gwada shi a kan zare kafin ki biya, amma ki ɗinka masa jaka tun ranar farko, kuma ki gaya mata ba a kallon rana da shi, ba a barin sa a rana. Ki haɗa mata littafi da takardun da aka yi rubutu a gefe ɗaya; shekararta bakwai, zane ya ishe ta, ba sai ta iya rubutu ba. Kasko da tsakuwa da ruwa kaɗan a inuwa, da ɗan yashi a gefensa, ba za su ci miki komai ba. Kwalin ashana yana da kyau ga iri da gashin tsuntsu. Wake uku a kwalba da jiƙaƙƙiyar auduga ma mun gwada, biyu sun tsiro a kwana huɗu, ɗaya ya ruɓe. Ma'aunin ruwan sama da na yanka daga gorar roba ban iya gwada shi ba, damina ta riga ta wuce, don haka ba zan ce miki yana aiki ba. Kwalbar kama ƙwari kuwa kada ki ba ta, kuma kada ki koya mata dabarar kofin shayi. Abu na ƙarshe, ki samo wanda zai zauna da ita. A namu gidan, ba don kujerar Inna ba da duk kayan nan sun tashi a banza.

Shekaranjiya Juma'a, bayan sallar asuba, Yaya Muntari ya buga mana ƙofa ya ce mu shirya. Hafila biyu muka hau, ni da shi da Ni'imatu, har Dajin Sunut, dajin bagaruwar nan da ke bakin Farin Nilu. Ruwan ambaliya ya ja baya, ya bar laka da tafkuna, tsuntsaye kuwa ko'ina. Ta ƙirga iri goma sha huɗu, ni tara kawai na iya tabbatarwa. Shi kuma duk farin tsuntsu balbela ne a wurinsa, suka yi ta musu da 'yarsa har wani mai kamun kifi ya shiga tsakani ya ba ta gaskiya. Da za mu juyo ta hango wani dogon gashin zalɓe a tsakiyar laka, kamar taku goma daga inda muke. Ba ta roƙa ba, kallo kawai ta yi, ta sauke kai. Sai na ga yayanmu, mutum mai shekara arba'in da ɗaya, ya cire takalmi ya ba ni, ya tattare jallabiya, ya shiga laka har gwiwa ya ɗauko. A hafila an matse mu kamar me, ya ɗaga gashin sama da kansa tun daga tashar Mugran har Kuku don kada ya karye, mutane suna kallonsa yana kallonsu. Da muka iso, shi ya shiga da shi gida da hannunsa, ya tsaya a tsakar gida da laka a ƙafa, ya ce wa Wafa'a ta nemo wa yarinya kwali mai kyau, babba.

Ki gaishe mini da Malam Uthman da kyau, ki ce muna godiya da zumuncinsa. Ki gaishe da surukarki Hajiya Khadijatu da duk mutanen gidan. Ki rungume mini Hajaratu, ki ce Goggonta tana jiran zanen farko. Inna tana gaishe ki, ta ce ki daina ɓoye mata idan ba ki da lafiya, tana ganewa a murya. Yaya Muntari da Wafa'a suna gaisuwa, Fatna ma ta ce a sa sunanta. Ni'imatu ta ce a tambayi Hajaratu ko kurciyoyin Kano ma bibbiyu suke zuwa. Allah Ya tsare ku, Ya jiƙan Baba, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Shamsiyya Idi